Haƙoran Bakwaini Amana Ne A Hannun Malamai

Ya ku 'yan'uwana malamai da ɗalibai na wannan kwaleji, ina so in jawo hankalinku ga wani al'amari wanda galibinmu ba mu ɗauke shi a bakin kome ba, watau haƙoran yaran da aka haifa watanninsu ba su cika ba, waɗanda mu ke kira bakwaini. Na san wani zai ce, me ya haɗa malamin makaranta da haƙorin jariri? Ashe wannan ba aikin likita ba ne? To, a ganina malamin firamare na Dagauda, ko na Jalam, ko na Madara, ya fi likita ganin bakin yaro. Likita sai an kai masa. Malami kuwa kullum safiya ga yaran nan a gabansa, suna karatu, suna dariya, haƙora a waje. Saboda haka na ke cewa kula da haƙoran waɗannan yara wani yanki ne na aikin da mu ke koyo, in kuwa muka yi sakaci da shi, da wuya a sami mai yi a ƙauyukanmu.

Mu fara da sanin ko wane ne bakwaini. Mu Hausawa daga wata bakwai muka ciro sunan, amma a wurin likitoci duk jaririn da aka haifa kafin ciki ya cika mako 37 bakwaini ne, cikakken ciki kuwa wajen mako 40 ya ke yi. Ke nan har wanda aka haifa a wata na takwas yana cikin lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an haifi bakwaini miliyan 13.4 a duniya, watau kusan jariri 1 cikin ko wane 10. A wannan ƙiyasi Nijeriya ce ta uku wajen yawansu, bayan Indiya da Pakistan. In haka ne, da wuya malami ya tsaya gaban aji mai yara 50 ko 60 a ce babu bakwaini ko ɗaya a ciki.

A dā da yawa daga cikinsu ba su rayuwa. Yanzu kuwa an sami ci gaba. Akwai kwalbar ɗumama jarirai a manyan asibitoci, akwai kuma dabarar nan da aka fara a birnin Bogota na ƙasar Kolambiya a 1978, inda uwa ke ɗaure jaririn a ƙirjinta, fata na taɓa fata, ɗumin jikinta ya zame masa kwalba. Wannan abin godiya ne. Amma fa ceton rai mafarin aiki ne. Yaron da ya tsira yakan fito da waɗansu raunuka da ba su bayyana sai daga baya, ɗaya daga cikinsu kuwa a bakinsa ya ke.

Yadda a ke gina haƙori

Ko wane haƙori yana da wani farin ɓawo mai ƙyalli da ya lulluɓe shi, likitoci na ce masa inamal. Duk jikin ɗan Adam babu abin da ya kai shi tauri, har ƙashi. Ku dubi langar da iyayenmu mata ke jerawa a ɗaki. Muddin farin fentinta na nan lafiya, ko shekara nawa ta yi ruwa ba ya cin ƙarfen. Ran da ta faɗi ta ɓantare, nan tsatsa za ta kama, kafin a jima ta huje. To, haka haƙori ya ke. Abin da ya ƙara muni kuwa shi ne, fata in ta yanke takan warke, ƙashi in ya karye yakan ɗoru, amma ɓawon haƙori in ya ɓantare ba ya sake tsirowa, domin ƙwayoyin halittar da ke gina shi sukan ƙare da zarar haƙorin ya ɓullo.

Yaushe a ke wannan gini? Tun yaro na ciki. Haƙoran nono guda 20 ne, suna fara yin tauri a cikin dasashi tun ciki na wajen wata huɗu, ginin kuma ba ya kammaluwa sai yaro ya kusa shekara ɗaya a duniya. Kayan ginin su ne ma'adinan nan biyu, kalsiyam da fosfaras, waɗanda da su a ke yin ƙashi. Mafi yawan abin da jariri ke samu na waɗannan ma'adinai daga jikin uwarsa a watanni uku na ƙarshen ciki ya ke samunsa. Bakwaini kuwa a daidai wannan lokaci ya fito. Kamar magini ne aka yanke masa ƙasa da ruwa alhali bango bai kai ba. Sa'an nan ga wahalar numfashi, ga shawara, ga zazzaɓi, ga rashin ƙarfin tsotson nono, ko wanne yana iya tsai da ginin na 'yan kwanaki.

Wani abin mamaki shi ne, haƙori yana riƙe da tarihin mai shi. Tun 1936 wani masani a Amurka, Isaac Schour, ya bayyana wani siririn layi da a ke gani da madubin likita a cikin ɓawon haƙoran nono, wanda ke nuna lokacin haihuwa. In haihuwar ta zo da wahala, layin yakan fi kauri. Har wa yau a 1984 wata likitar haƙoran yara a birnin Birisben na Ostireliya, Kim Seow, ita da abokan aikinta, sun nuna cewa jariran da aka zura wa bututun numfashi ta baki sukan sami tabo a haƙoran gaba na sama, musamman na hagu, inda ƙarfen buɗe maƙogwaro ke danna dasashi. Kada wani ya ji wannan ya hana a sa wa ɗansa bututu. Bututun nan rai ya ke ceta, tabon haƙori kuwa ana iya lallaɓa shi. Amfanin sanin shi ne uwa ta sa ido tun da wuri.

Alamun ba su da wuyar ganewa. Wani haƙorin yakan fito da ɗigo fari fat kamar alli, ko rawaya, ko ƙasa-ƙasa. Wani yakan fito da 'yan ramuka ko tsagi a kwance. Wani bakinsa a gutsure tun ran da ya ɓullo. Yaron yakan ƙi ruwan sanyi na randa, ko kunu mai zafi, ko ya riƙa tauna da gefe ɗaya. Haƙoran bakwaini kuma sukan yi jinkirin fitowa. Sauran yara sukan fara haƙori a wajen wata shida, shi kuwa wanda ya riga lokacinsa da wata biyu yana iya kai wata takwas ko fiye. Wannan ba ciwo ba ne, sai a cire watannin da ya rage bai yi a ciki ba a yi lissafi.

Amsa ga masu musu

Akwai masu cewa, ai haƙoran nono ne, faɗuwa za su yi, mene ne na damuwa? Wannan magana ita ta fi kome cutar yaranmu. Na gaba ne ke fara faɗuwa a wajen shekara 6. Turame kuwa, watau haƙoran tauna, suna nan har yaro ya kai shekara 10 zuwa 12. Ke nan yaron da turminsa ya yi kogo yana ɗan shekara 4 zai iya shafe duk zamansa na firamare da ciwo. Wanda ya taɓa kwana da ciwon haƙori ya san ba a haɗa shi da lissafi. Bayan haka, haƙorin nono shi ke riƙe wa na dindindin wuri. In an cire shi tun lokaci bai yi ba, na kusa da shi su matso, na dindindin ya fito a karkace. In kuma ya ruɓe har saiwarsa ta yi mugunya, yana iya ɓata wanda ke ƙarƙashinsa tun bai fito ba.

Ga kuma wani abu da ya kamata ko wane malami ya riƙe. Turmin farko na dindindin yana fara yin tauri ne a daidai lokacin haihuwa, saboda haka wahalar da bakwaini ya sha tana iya taɓa shi. Yana ɓullowa a wajen shekara 6, can bayan haƙoran nono, ba tare da wani ya faɗi ba. Saboda haka iyaye da yawa ke zaton na nono ne, su bar shi ya ruɓe, alhali kuwa shi ba shi da magaji. Shekara 6 kuwa ita ce shekarar shiga aji ɗaya. Watau haƙorin nan da malamin aji ɗaya kusan tare su ke saduwa da yaro.

Akwai kuma masu ɗora wa uwa laifi, su ce ƙazanta ce, ko ita ta cika ba shi zaƙi. Ba haka ba ne. Raunin ɓawo da shi haƙorin ya fito, uwa ba ta da hannu a ciki. Abin da ke hannunta shi ne abin da zai biyo baya. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙadangaren nan su ne ƙananan ƙwayoyin cuta da ke zaune a baki. Abincinsu sukari ne, in sun ci su fitar da tsami, tsamin ya narkar da ɓawo. Haƙori lafiyayye yakan jure na wani lokaci, mai rauni kuwa nan da nan ya ke hujewa. Ba mu da ikon hana tsagewar, amma muna da ikon hana ƙadangare abinci.

Waɗansu kuma za su ce, mutanen da ke fama da zazzaɓin cizon sauro da tamowa ina su ke da sukunin zancen haƙori? Wannan magana tana da nauyi, ba na raina ta. Amma ku duba, yaron da ba ya iya tauna ba ya cin tuwo da wake da ƙuli-ƙuli yadda ya kamata, shi kuwa bakwaini dama da bashin girma ya zo duniya. Ciwon baki da tamowa juna su ke taimako. Sa'an nan abin da a ke bukata na rigakafi ba shi da tsada sosai. Cire haƙori da kuɗin mota zuwa Azare su ne masu tsada.

Abin da za a yi a gida

Tun haƙori bai fito ba, uwa ta riƙa shafe dasashin jariri da tsumma mai tsabta da ruwan da aka dafa ya huce. Ta ba shi nono zalla har wata 6, ta kuma riƙe magungunan ƙarin jini da na ƙarfin ƙashi in likita ya rubuta. Da haƙori na farko ya ɓullo, a sami ɗan ƙaramin buroshi mai laushi da man goge baki mai sinadarin fuloraid, domin shi ke ƙara wa ɓawo ƙarfi. A duba jikin kwalin a ga an rubuta 1000 ppm ko fiye. Yaron da bai kai shekara 3 ba, a sa masa kamar ƙwayar shinkafa. Daga shekara 3 zuwa 6, kamar ƙwayar wake ƙarama. Sau biyu a rana, na dare kafin barci shi ya fi muhimmanci. Ya tofar, kada ya haɗiye, kada kuma ya kurkure da ruwa nan take. Babba ne zai goge masa har ya kai wajen shekara 7. Asuwaki abu ne mai kyau, mun gaje shi, amma ɗan yaye ba ya iya sarrafa shi, in kuma ba a tauna bakinsa ya yi laushi ba yakan ji wa dasashi ciwo.

Game da zaƙi, yawan sau nawa ya fi yawan abin da aka ci ɓarna. Yaron da ya ci alkaki guda bayan tuwo ya fi wanda ya yini yana tsotson minti ɗaya bayan ɗaya lafiya. Mafi muni shi ne a kwantar da yaro da bulumboti cike da shayi ko madara mai sukari, ko kunun zaƙi, domin in ana barci miyau yakan ragu, zaƙin ya kwana a kan haƙora. Maganin ruwa na yara ma yawanci da sukari a ciki, sai a bi shi da ruwa. Kada a ba jaririn da bai shekara ba zuma. A kuma rage tauna wa yaro abinci a ba shi, domin ta nan ƙwayoyin cutar bakin babba ke ƙaura zuwa nasa.

Sai magunguna biyu da na ke roƙon a guje musu. Na farko, kafson nan mai ja da rawaya, tetarasaikilin, wanda waɗansu ke farkewa su zuba wa yaro in yana zawo. Yana shiga cikin haƙoran da a ke ginawa ya rina su har abada, saboda haka ba a ba mai ciki, ba a kuma ba yaron da bai kai shekara 8 ba. Na biyu, abin da a ke kira maganin fitar haƙori. Mun saba cewa haƙori ne ke kawo zawo da zazzaɓi mai zafi, alhali ba shi ba ne, yaro ne ya kai lokacin rarrafe da kai kome baki. Kada mu manta da 2008, lokacin da wani irin wannan magani mai suna My Pikin ya gurɓata da guba, yara 84 suka rasu a ƙasar nan, har hukumar NAFDAC ta haramta shi. Yaro mai zawo ruwan gishiri da sukari ya ke bukata, da asibiti.

Kome kuma ya yi yawa ɓarna ne, har fuloraid. A Tibiri ta ƙasar Maradi, daga 1985 zuwa wajen 2000, mutane sun sha ruwan wata rijiyar burtsatse mai yawan wannan sinadari, haƙoran yara da yawa suka rine, ƙasusuwan waɗansu suka lanƙwashe. Saboda haka in malami ya ga kusan duk yaran gari haƙoransu da irin tabo ɗaya, ba maganar bakwaini ba ce, sai ya gaya wa ma'aikatan lafiya a auna ruwan.

Abin da ke kan malami

Wani zai ce malami ba likita ba ne. Gaskiya ne, ba kuwa na cewa ya zama. Ba ya ba da magani, ba ya cire haƙori, ba ya zura wa yaro hannu a baki. Abu huɗu kawai na ke nema a gare shi.

Na farko, ya tambaya. Ran da a ke rubuta yara a aji ɗaya ko ajin share fage, ana tambayar suna da shekaru. Me zai hana a ƙara da tambayar ko watanninsa sun cika? A yi ta a keɓe, cikin ladabi, a kuma riƙe amsar a matsayin sirri.

Na biyu, ya duba. Mun gaji duba farce da kai da tufafi a taron safe. A ƙara da baki, ko da sau ɗaya a wata. Yaro ya buɗe, malami ya leƙa a hasken rana. Wannan dubawa tana da wani amfani ma da ya wuce haƙori. Cutar noma, mai cin dasashi da kunci, wadda ta fi kama yara masu tamowa 'yan shekara 2 zuwa 6, da kumburin dasashi da warin baki ta ke farawa. Raunin ɓawo ba shi ke kawo ta ba, amma idon da ya saba leƙa baki shi zai fara ganinta, in kuwa an kama ta da wuri magani na kashe ta. Tun 1999 akwai asibiti musamman dominta a Sakkwato, a Disamba 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bisa roƙon da Nijeriya ta jagoranta.

Na uku, ya tura. In ya ga tabo ko kogo ko kumburi, ya sami uban yaron ya ce, “Malam, na ga wani abu a haƙorin ɗanka, ina ganin a kai shi a duba tun bai yi nisa ba.” A fara da ɗakin shan magani na gari, su tura gaba, zuwa Dambam ko babban asibitin tarayya na Azare. Likitan haƙori yana iya shafa wa haƙorin fuloraid mai ƙarfi kamar sau biyu a shekara, ko ya liƙe ramin da wani farin siminti na haƙori. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan siminti da man goge baki mai fuloraid cikin jerin magungunan da bai kamata a rasa ba. Da so samu ne ma, bakwaini ya ga likitan haƙori tun yana shekara ɗaya.

Na huɗu, ya hana tsokana. Yara ba su da wuyar laƙaba wa ɗan'uwansu suna. Wanda a ke yi wa dariya saboda haƙoransa yakan rufe baki, ya daina ɗaga hannu, ya daina karatu da ƙarfi, malami ya zaci daƙiƙi ne.

Daga ƙarshe ga shawarata ga hukumar kwaleji. A ware ko da sa'a biyu cikin darasin kiwon lafiya domin wannan batu. Tun 2021 aka kafa jami'ar kimiyyar lafiya ta tarayya a Azare, masana ba su yi mana nisa ba, a gayyato ɗaya ya nuna mana da hotuna. Duk ɗalibin da za a tura koyon koyarwa a Dagauda, ko Gamawa, ko Shira, ko Itas, ya tafi da wannan sani. 'Yan'uwanmu mata kuwa su ne ke da ikon shiga cikin gidaje, su yi wa masu ciki maganar awo da gidan sauro da maganin rigakafin zazzaɓi, domin zazzaɓin cizon sauro na cikin abubuwan da ke sa haihuwa kafin lokaci.

Jama'a, kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Mun ɗauki alkawarin renon 'ya'yan mutane, yaro kuwa ba ƙwaƙwalwa kaɗai ya ke kawowa makaranta ba, da jikinsa duka ya ke zuwa. Wanda ya fi rauni a cikinsu shi ya fi cancantar idonmu. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.